Dattijo da Sabon Moton da Ba Wanda Ya Gani

Bismillahi. Daga Bukoki, Yamai.

Zuwa ga ɗiyata Rakiya, mai sunan mahaifiyata, wadda bakina bai taɓa iya kira da komai ba sai Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya tsare ki a wannan tafiya, Ya kai ki Dakoro lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa aikin da gwamnati ta ba ki ya zame miki alheri duniya da lahira. Amin.

Za ki yi mamakin ganin takarda a kan jakarki alhali gida ɗaya muke kwana. To, kin san halina, na san naki. Shekaranjiya muna cin tuwo na buɗe baki zan yi zancen moto, ban kai ko'ina ba kika ce, "Baba, don Allah kar mu sake wannan magana." Ni kuma na ɗaga murya, innarki ta kwashe kwanoni tana cewa ita dai Allah Ya haɗa ta da masu zafin kai biyu a gida ɗaya. Shi ya sa na ɗauki biro. Takarda ba ta ɗaga murya, ke ma ba ki iya katse ta. Ki karanta kafin ki gama ɗaure kaya.

Ga abin da ke tsakaninmu, don kar ki ce ban fahimce ki ba. An tura ki aikin allurar dabbobi a dajin arewacin Dakoro, inda ni ma na ƙarar da ƙarfina a wannan aiki har na aje shi. Aikin ba ya yiwuwa sai da moto. Na ce ki tafi da Dattijo, tsohon motona. Kika ce a'a, kawunki na unguwar Dar es Salam ya yi miki alkawarin sabon moton dajin nan da ake ta zancen zai shigo gari, shi za ki jira. Ni kuwa abin da ya hana ni sakat shi ne wata rana a ce ɗiyata tana tsakiyar daji ita kaɗai, da abin hawan da ba wanda ya san kansa. Wallahi wannan ce duk damuwata.

Don kar in yi miki rashin adalci, jiya da hantsi na tafi fadar masu moto, inda suke taruwa hira, bayan kasuwar Petit Marché, wajen rumfar Alzuma bakanike, Bazabarmen nan da ke duba mini Dattijo. Na ce bari in ji da kunnena, ko ni ne tsufa ya toshe wa kai. Na tarar da shayi a kan wuta, gardama kuma ta fi shayin zafi. Ko gaisuwa ba mu gama ba Maman Sani mai kabu-kabu ya miƙo mini waya.

"Baba Isufu, diba! Wanga moto ba a taɓa yin irinshi ba. Rairayi gare shi kamar gudron yake. In ka murɗa, tudu ma ba ya sanin an hau shi."

Laminu tela, wanda tun da na san shi motonsa bai taɓa sauka daga gudron ba, wato kwalta, daga Bukoki zuwa shago daga shago zuwa Bukoki, ya ce, "Kai ba ka ma san komi ba. Ba ya da karbirata sam. Ƙwaƙwalwa gare shi irin ta waya, ita ke auna mishi isansi, man da yake sha. Ko ƙura ba ta shigarshi."

"To in ƙwaƙwalwar ta juye fa?" in ji wani daga baya.

"Ba ta juyewa!"

"Taka ma ta juye, bare ta ƙarfe."

Aka kwashe da dariya. Alzuma yana tsugune yana wanke hannu a kwano, bai ko ɗago ba ya gaishe ni da Zabarmanci ya ce, "Fofo, Isufu. Ni abin da na ji, ba ya da na takawa da ƙafa, maɓalli ne kawai. Ranar da batiri ya ce ga garinku, kala suru, sai haƙuri, sai ka zauna gefenshi ka yi ta addu'a." Maman Sani ya yi tsalle ya ce ƙarya ne, bakanikai na baƙin ciki ne don moton ba zai riƙa kawo musu aiki ba. Wani ya ce ja ne, wani ya ce ai fari da shuɗi zai zo. Wani ya rantse wata mai kamawa yana gari, wani ya ce sai bayan damina. Abu ɗaya kawai bakinsu ya zo ɗaya a kai, wai dogo ne sosai, sai mai dogayen ƙafafu.

Na bari suka gaji, sannan na ce, "To samari, a cikinku wa ya taɓa zama a kansa?" Ba ko ɗaya. "Wa ya gan shi da idonsa?" Maman Sani ya sosa ƙeya ya ce abokin wani abokinsa ya ga akwatinsa a bakin teku. Akwatinsa, Uwata! Tabɗi. Duk wannan kumfar baki a kan hoto ɗaya ake yi, wanda ke yawo daga waya zuwa waya.

Amma bari in gaya miki gaskiya. Da na karɓi wayar na nisanta ta da idona na duba da kyau, sai da ni ma ya burge ni. Kai, moton nan kyakkyawa ne! Tayoyinsa da haƙora, ƙirjinsa a ɗage, ka ce yanzu zai tashi. Da shekarunki gare ni, da ni ma na ce zan jira. Don haka ban ga laifinki ba, kuma ban ga na kawunki ba, alheri ya nufa, Allah Ya saka masa. Abin da ya sa nake miki wannan dogon bayani shi ne ni na taɓa hawan irin wannan kyakkyawan.

Ina sabon shiga aiki, ba a ma yi aurenmu da innarki ba, wani furoje, irin shirin taimakon nan na ƙasashen waje, ya kawo wa sarwis ɗinmu na kula da dabbobi moto babba ja daga Turai. Guda ɗaya ya zo, na yi ta naci har shugabanmu ya gaji ya ba ni. Na mayar da ƙaramin da nake hawa, irin wanda kowa ke hawa, ko waiwayensa ban yi ba. Na riƙa zagaya kasuwar Dakoro ba gaira ba dalili, don dai a gan ni.

A lokacin akwai wani shugaban makiyaya, Arɗo Bello, da na daɗe ina lallashi ya bari a yi wa shanunsu allura. Ba su yarda da allurar gwamnati ba, sai da na sha nono a rugarsu har na gaji kafin ya amince. Ya ce zai tara garken a wata rijiya gaba da ƙauyen Tudun Aduwa, in zo ranar kasuwa. Na ɗaure akwatin ƙanƙara da maganin a ciki, na kama hanya da sassafe ina jin kaina. Ana hango rumbunan Tudun Aduwa jan moton ya yi tari ya mutu. Na taka, na taka, ko uffan. Na tura shi cikin rairayi har harshena ya bushe kafin in kai ƙauyen.

A ƙauyen akwai maƙeri, Arzika, shi ke gyaran komai, daga garma har rediyo har moto. Ya zagaya shi, ya buɗe gefe ya leƙa, ya mayar ya rufe. Ya ce, "Malam, wanga ban san shi ba. Da irin namu ne da yanzu ka tashi, ga buji na tada wuta ga sarƙa ga komi cikin gwangwani. Amma in na sa hannu a wanga, ɓata maka shi zan yi." Sai ya bar wuta a maƙera, ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya ce in hau da akwatina ya kai ni rijiyar. Ban roƙe shi ba, kuma bai san ni ba.

Shanu ba su san sauri ba, Uwata. Rana ta ɗaga, ina rungume da akwatin na lulluɓe shi da rigata, ina jin ruwan ƙanƙara yana ɗiga ta tsakanin katakon amalanke. Ko da muka isa, garke ya cika bakin rijiya, akwatin kuwa ya yi ɗumi. Kin fi ni sanin abin da zafi ke yi wa maganin nan. Da na yi musu allurar a haka, da ruwa na tsira musu, su tafi suna zaton an tsare musu dukiya. Na gaya wa Arɗo gaskiya. Ya dube ni, ya dubi shanunsa, ya sa aka dama mini fura, ya ce, "Allah bai nufa ba." Ba su iya jira in koma in sake ɗauko wani ba, don ciyawar wajen ta ƙare. Suka yi arewa.

A wannan shekara ciwon huhu ya shiga garken. Da muka sake haɗuwa, ba sai an gaya mini ba, ido ya ga yadda shanun suka ragu. Arɗo ya tarbe ni da hannu biyu, ya shimfiɗa mini tabarma, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da zancen ba. Na gode wa wannan bawan Allah, har yau ina sa shi a addu'a. Shi kuwa jan moton, ya zauna a bayan biro, wato ofishinmu, yana jiran wani ɗan piyes na gyara daga ƙasar waje har kaji suka yi ƙwai a ƙarƙashinsa.

Kowane moto yana tsayawa, Uwata, sabo da tsoho. Abin dubawa shi ne, in ya tsaya, akwai mai tayar da shi a ƙauyen da ke kusa? Dattijo ba kyau gare shi ba, ni ma na sani, fentinsa ya koɗe, fitilarsa da waya aka ɗaure. Amma duk kasuwar ƙauyen da kika shiga za ki samu piyes ɗinsa a shimfiɗe kusa da masu gishiri da kanwa. Ƴaƴan Arzika ne ke riƙe da maƙerar yanzu, ko ido rufe suna kwance shi su mayar. Ba kanki kaɗai za ki ɗauka a moton nan ba, dukiyar mutane ce a cikin akwatin da ke bayanki.

Wannan ne darasi na farko, ga na biyu. Bayan na koma kan ƙaramin moto, taurin kan bai bar ni ba. Ina ganin gudu ke maganin rairayi. Wata rana ina gangarowa daga tudu zan shiga wani busasshen ƙori, hanyar ruwan damina, akuya ta faɗo mini hanya, na damƙe birkin gaba. Tayar ta nutse, na yi sama na dawo, moton ya kwanta a kan ƙafata, bututun hayaƙi ya manne mini a ƙwauri. Kin san tabon. Kina ƙarama kin tambaye ni, na ce miki kura ce ta cije ni, kika je kika baza wa ƴan makarantarku. To yau kin ji gaskiya, babanki ne ya yi wauta.

Ina kwance ina ihu, na kasa zare ƙafar, sai ga wata mata ta taso daga rijiya da jakinta. Tabawa sunanta, daga baya na sani. Ta saki igiyar jakin, ta kama kan moton ita kaɗai ta ɗaga shi, tana faɗa: "Kai ɗan gwamnati, mi ya kai ka gudu haka? Shanun tserewa za su yi?" Ta juye mini ruwan da ta sha wuya ta jawo, duka, a kan ƙunar. Na ce ta rage na gida, ta ce in yi mata shiru. Da jan moton nan ne ya danne ni, da sai ta tafi neman maza, ni kuwa ina nan ina gasuwa. Allah Ya jiƙan Tabawa idan ta rasu, idan tana raye Ya ba ta lafiya.

Za ki faɗi, Uwata. Kar ki ɓata rai, duk wanda ya hau rairayi ya faɗi, wanda ya ce bai taɓa ba maƙaryaci ne ko kuma Laminu tela. Don haka ki hau abin da in ya kwanta za ki iya tayar da shi da hannunki. Ki hau abin da in ya yi tangaɗi ƙafarki za ta samu ƙasa. Ke kuwa, kar ki harare ni, tsawon mai sunanki kika ɗauko, ba nawa ba. Moton da su Maman Sani ke yabo da tsawo, in kin hau shi ƙafafunki lilo za su riƙa yi.

Tunda na fara, bari in ƙarasa miki abin da rairayi ya koya mini. Kafin ki bar hanya mai tauri ki rage wa tayoyi iska kaɗan, ki riƙe famfo a jaka don ki mayar. Ki matsa baya a kan sirdi, ki sassauta hannu, kar ki yi kokawa da kan moton, bar shi ya yi ƴar rawarsa. Birkin gaba ki manta da shi sai kin dawo gudron. Ki bi sawun amalanke, don masu amalanke sun san inda ƙasa ke da ƙarfi. Ki dubi inda za ki, kar ki dubi tayarki. In rana ta take, ki nemi inuwa, ke ki huta injin ya huta. Ruwan sha kuwa ki ɗauki fiye da abin da kike zato, ko ba ki sha ba za ki haɗu da mai bukata. Kuma duk wanda kika gani tsaye da moto a daji, in kin ga alamar mutumin kirki ne, ki tsaya ki tambaye shi lafiya. Haka ake yi a can, kuma da haka ni na kai yau.

Na uku shi ne ya fi yi mini ciwo, don na yi shi da furfura a kaina. Gab da zan aje aiki ne, lokacin da tsoro ya riga ya shiga daji, kin san yadda zamani ya koma, ba sai na yi miki bayani ba. Ranar na ba wani abokin aiki aron Dattijo ya kai matarsa likita, ni kuma na ari na wani baƙon ma'aikaci, babba mai ruri. Na sa kaske, hular kwanon nan, na naɗe fuska da rawani, ga baƙin tabarau. Na shiga wani ƙaramin ƙauye da na shekara da shekaru ina zuwa, na shiga da gudu kamar yadda na saba, ina ma ɗokin a ga abin da na hawo.

Ban tarar da kowa ba. Ga turmi da taɓarya a yashe, ga tukunya a kan wuta, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakar hanya. Sai a nan na gane ni ne abin da suka gudar wa. Na kashe injin, na cire kaske, na warware rawani, na riƙa kira, "Jama'a, ni ne! Isufu mai allura ne!" Da ƙyar suka fara fitowa daga bayan rumbuna da cikin geza, mata da goyo, yara suna kuka. Mahaifiyar maigari, tsohuwa tukuf, ta faɗi wajen gudun ta bugu a ƙugu. Daga ranar ba ta sake tafiya ba sai da sanda.

Na durƙusa gaban maigari. Ya ce, "Malam Isufu, tashi. Mu nan da kunne muke gane mutum kafin ido. Da kukan motonka muka ji, da yara sun tarbe ka tun daga bakin gona." Tsohuwar kuwa da na je gaishe ta, ita ce ma ke ba ni haƙuri, wai kar in sa abin a raina. Ka ji mutane! Wallahi na fita ƙauyen nan ina share hawaye da bakin rawani.

Don haka ko wane moto kika hau, ki riƙe wannan. Kafin ki shiga ƙauye ko ruga, ki kashe injin tun daga nesa. Ki cire kaske a ga fuskarki. Ki tura shi da ƙafa, ki yi sallama da ƙarfi, ki fara da gidan maigari ko na arɗo. Za ki ga kamar ɓata lokaci ne, musamman in ƙanƙara na narkewa, amma ki yi. Sabon moton da ba a taɓa jin kukansa ba a wannan daji, dogo, mai ruri, ban san abin da zai sa mutane su yi ba, kuma ban san idon wa zai ja zuwa gare ki ba. Dattijo kuwa ba mai kwaɗayinsa, kuma kukansa, da ɗan tarin nan da yake yi in an rage wuta, akwai ƙauyuka da yawa da har yanzu sun san shi. Za su fito suna zaton ni ne, su tarar da ke. Ki ce musu ɗiyar Isufu ce. Ba gona na bar miki a can ba, ba gida ba, amma na bar mutane, kuma za su riƙe ki.

In na zauna ina tuna shekarun nan, abin da nake ji a raina godiya ce. Na gode wa Allah da Ya fitar da ni daga dajin nan da ƙafafuna biyu, duk da wautata. Na gode wa waɗanda suka ɗauke ni a amalanke, da waɗanda suka ba ni ruwansu, da waɗanda na ɓata wa suka yafe tun ban roƙa ba. Na gode wa innarki, wadda ta yi ta zaman jira ba waya ba labari, in na dawo ta fara duba jikina kafin ta tambaye ni hanya. Ke ma na gode miki, Uwata. Ƴan ajinku nawa suka yi ta neman a bar su a biro mai sanyi a Yamai? Ke kika ce daji za ki, wajen dabbobi. Ranar da kika faɗa na yi kamar ban ji ba, na fita waje, don kar ki ga fuskata. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ina alfahari da ke. Na faɗa, ga shi a rubuce, kar ki ce ban taɓa faɗa ba.

Ban ce sabon moton ba shi da kirki ba. Ta yaya zan ce, ni ma ban gan shi ba? Wataƙila Maman Sani ne da gaskiya, wataƙila Alzuma. Bari ya zo tukuna. Bari masu gaggawa su saya, su faɗi da shi, bakanikai su buɗe cikinsa su koya, piyes ɗinsa ya kai kasuwar ƙauye, mutanen daji su saba da kukansa. In ya kai nan, ki karɓi kyautar kawunki da hannu biyu, ki zo ki ɗauke ni a baya mu zagaya Bukoki, in ɗaga wa mutane hannu. Amma makiyaya ba za su jira akwatin da ke bakin teku ba. Ciyawa na ƙarewa za su tashi.

Saura abu ɗaya, kuma na san za ki ce na yi gaban kaina. Da aka watse daga fada jiya, na bar wa Alzuma Dattijo. Na ce ya sake masa tayoyi da sarƙa da buji, sannan ya yanke sirdin ya rage tsawonsa. Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Isufu, in na yanke soson nan ba ya komawa. Kai fa?" Na ce ya yanke.

Da la'asar na turo shi gida kina wajen sallamar ƙawayenki. Ba yadda zan gwada ba ke, sai na tuna tsawonku ɗaya da innarki. Matar da tun da na aure ta ba ta taɓa zama a kan moto ba sai a baya, a karkace, tana salati. Na ce ta zo ta hau gaba. Ta ce in rufe ƙofar gida tukuna kar maƙwabta su gani. Ta tattare zane ta hau, ta kama kan da hannu biyu, ta sauke ƙafafu. Duka biyun suka zauna a ƙasa daram. Ta ce, "Ƙafarta za ta kai." Sai ta kifa kanta a kan tankin ta fashe da kuka, ni kuma na tsaya riƙe da bayan moton.

Da ta sauka na ce bari ni ma in gwada. Gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata, innarki tana hawaye tana dariya. Dattijo ya daina zama nawa, Uwata. Ko kin tafi da shi ko kin bar shi, ni dai ba zan sake hawansa ba, kuma ban yi da-na-sani ba.

Na yi magana da direban kar, babbar motar da za ki shiga, ya ce akwai wuri a sama in za a ɗaure shi. Makullin yana hannun innarki. In kin karɓa, ba sai kin ce mini komai ba, zan ji kukansa daga ɗaki. In kuma kin ce a'a, ba zan yi fushi ba. To, zan dai yi ƙoƙari.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki. Ya kare ki daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da sharrin mutum. Ya sa duk inda kika tsaya a samu mai tsayawa dominki, kamar yadda aka tsaya mini. Ki riƙe salla, ki kira innarki duk inda waya ta kama, ko da gaisuwa ce kawai. Ki gaishe mini da gidan Arzika, da ƴaƴan Arɗo Bello in kin haɗu da su. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini ɗaga murya. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke da ƙafafunki.

Wassalam.

Babanki,
Isufu